Tsatsa a Jikin Roba

A shagon ƙananan jiragen ƙasa na wasa a birnin Nuremberg na Jamus, wani dattijo ya leƙa kwandon wata mata.

"Malama, mayar da ɗan injin iskar feshin fentin nan. Mai son fenti ya sa jirginsa ya yi kama da tsoho, babban inji yake saya, da bindigar feshi mai tsada."

"Irinsa nake amfani da shi, Baba, nawa ne ya mutu." Ta ciro tarago daga jaka. "Duba."

Ya jujjuya shi, ya goga da hankici.

"Kin gani? Kin bar shi a danshi, tsatsa ta cinye ƙofar."

"Baba, taragon roba ne."

Ya dubi hankicinsa, fari fat.

"A ina kika ɗauko injin?"

"Wannan ne na ƙarshe," ta ce, ta wuce wurin biya.