Tulun Gindin Rumman

A rumfar mai sayar da dashe, wata dattijuwa da wani magidanci suna jiran a sallame su.

"Mama, furen inuwa kike nema?"

"Shi fa. Rumman ɗinmu ya girma ya tare rana, furannin ƙarƙashinsa duk sun daina toho."

"Da wannan ƙarancin ruwan kika raya rumman?"

"Marigayi maigidana ne ya binne tulu a gindinsa, bakin kawai ya bari a waje. In ka cika shi, sai ya riƙa tsatsowa cikin ƙasa a hankali."

"Ai bishiyar da ta yi inuwa, saiwarta ta riga ta yi nisa. Ki tono tulun ki ba sabon dashe."

"Haka 'yata take ta damuna."

"To me ya hana?"

"Kai, ka cika tambaya!" Ta sassauta murya. "In na zuba ruwan da yamma, tulun yana wata 'yar ƙara, sak gyaran muryar da yake yi a bakin ƙofa in ya dawo. Sai in zauna har ya gama."

Mutumin ya daɗe yana juya dashen da ke hannunsa.

"Bar shi a wurinsa, Mama. Rumman ɗin nan bai ƙoshi ba tukuna."