Rifkatu ta daina ce mini Mama

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Maman Bitrus daga Rikoto, nan Zuru.

Da ƙanena da matarsa suka rasu a Bena, na ɗauko 'yarsu Rifkatu tana goye. Na riƙe ta tare da 'ya'yana, kwano ɗaya suke ci, Mama take ce mini.

Kwanan baya ƙungiyar zumuntar mata ta cocinmu ta shirya taimakon masu riƙon yara. Na yi murna, don riƙo akwai nauyi. Ran Lahadi sai shugabar ta ɗauki makirfo ta ce, "Marayu su fito gaba a gan su." Ta kira sunan Rifkatu, aka miƙa mata buhun dawa. Yarinyar ta tsaya rungume da buhun ana ta tafi, tana kallona.

Da muka dawo gida ta ce mini, "Gwaggo, ina zan ajiye?" Tun ranar ta ware kwanonta.

Ban raina alherinsu ba, amma don Allah masu taimako, ku biyo mu gida ku ba mu a asirce. Jama'a, ku ba ni shawara. Dawar tana nan ban taɓa ba. Yaya zan yi 'yata ta sake ce mini Mama?