Ɗigon Ja da Kore a Sabuwar Bas

A tashar motar garin El Alto, Basilia direba tana jiran bas ɗinta ta cika, sai ta ga wani direban yana ta huci a gaban sabuwar farar motarsa, wadda ɗigon ja da kore ya ɓata.

"Bawan Allah, lafiya?"

"Ina fa lafiya, Yaya! Maƙwabcina ne ya watsa mata guba, tsabar hassada. Yau sai ya kwana hannun 'yan sanda!"

Basilia ta sunkuya, ta ƙura wa ɗigon ido. "Ka kai ta cocin Copacabana an sa mata albarka?"

"Ranar Asabar. Fada ya yayyafa ruwa, muka yi mata wanka da giya."

"Kuka watsa mata yankakkun takardun nan masu launi?"

"Buhu guda! Ni ba marowaci ba ne."

"Kuma ba ka wanke ta ba."

"In wanke albarka?"

"To ga albarkar nan ta kama. Takarda ta sha giya, rana ta gasa, launi ya zauna."

Ta zaro kwalbar barasar da take ɗiga wa ƙasa kafin kowace tafiya, ta jiƙa tsumma, ta murza. Wurin ya koma fari fat.

"Ya fita! Jama'a, ku zo ku gani!" Ya daka tsalle, sai kuma ya tsaya cak. "Wato babu mai yi mini hassada ke nan?"

"Kwantar da hankalinka, ƙanena," in ji Basilia tana dariya. "Tun ɗazu nake yi maka."