Na Zaɓi Karatun Sauraro, Jarrabawa Ta Zo Da Zane

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni direba ne daga Kahu, ina jigilar 'yan kasuwa tsakanin Kibiya da Kano, kuma ina karatun jami'a daga nesa ta waya.

Da muka fara, aka ce kowa ya zaɓi bidiyo, ko rubutu, ko murya, wai duk darasi ɗaya ne. Na zaɓi murya, tunda hannuna na kan sitiyari. Sai in ji malamar tana cewa, "Ku dubi wannan jan layin." Na ɗauka ba wani abu ba ne.

Ranar jarrabawa, babbar tambayar a kan zanen nan mai jan layi da ban taɓa gani ba ta fito, na faɗi. Na kira makarantar, wani jami'i ya ce, "Ai yana cikin bidiyo."

Na ce, "To me ya sa kuka ce ɗaya ne?" Ya ce zai bincika, har yau shiru.

Malam, na rasa gane laifin wa ne. In sake kwas ɗin, ko in kai ƙorafi? Ina gaida abokin karatuna Malam Sabi'u na Dawaki. Shi makaho ne, ban san wanne za a ce ya zaɓa ba.