Kilishin da Bai Kai ga Alƙali Ba

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa. Sabi'u ne daga Greensboro.

An kore ni daga aikin sito a titin Wendover na nan garin don na ƙi tuƙa motar kaya mai lalataccen birki. Mai sasanci tsakanin ma'aikata da kamfani ya saurare mu, ya ce a mayar da ni. Kamfani ya garzaya kotu a soke hukuncin. Alƙali ya duba, ya ce hukunci na nan daram.

Don murna na ƙunshe kilishi zan kai wa alƙalin. Anti Rifkatu, wakiliyar ƙungiyar ma'aikatanmu, ta riƙe hannuna: "Sabi'u, rufa mana asiri! Ko ruwanka ba zai sha ba."

Jama'a, mutumin da ya ceci abincin 'ya'yana, kuma ba ya son komai nawa, yaya ake gode masa?