Sauron Rana Bai Ci Ni Ba

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar mini numfashi har na tsaya a gabanku yau. Sunana Rifkatu, 'yar Kaltungo, ina karatun digiri na biyu, ina zaune a unguwar Wangsa Maju, a nan ƙasar da karatu ya kawo mu. Duk wanda ya san ni ya san ina da taurin kai. To, taurin kan nan ne ya kusa kai ni kabari.

Da aka sassauta kullen korona, ƙungiyarmu ta ɗalibai masu hawan dutse ta shirya fita wani daji a bayan gari. Mun gaji da kallon bango, kowa ɗoki yake yi. Da safe a gindin dutsen sai na ga mutane suna ta fesa maganin sauro a hannu da ƙafa. Abokiyar zamana, Yaya Hauwa, Bakanuwa mai karatun digiri na uku, ta miƙo mini kwalbarta. Na kwashe da dariya.

"Yaya Hauwa, da rana tsaka? Sauro ai ma'aikacin dare ne. Ni da gidan saurona na zo ƙasar nan."

"Na nan ba irin namu ba ne lah," in ji ta, tana kwaikwayon bakin 'yan ƙasar. "Ki fesa kawai."

Ban fesa ba. Na ga wasu ƙanana masu zanen baƙi da fari suna sauka a ƙwaurina, na kaɗe su, na ci gaba da ɗaukar hoto. A raina ina cewa ni da na girma da zazzaɓin cizon sauro, wane sauron ƙasar waje ne zai ba ni tsoro?

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da ni. Bayan idona yana ciwo, ƙasusuwana kamar an daka. Na ce na san wannan baƙon. Na ciro ledar da Mama ta cusa mini a akwati ranar tafiya, na haɗiye maganin zazzaɓi, na bi shi da na ciwon jiki safe da yamma. Asibiti kuwa na rantse ba zan je ba, don kada a ce korona ce, a ɗaura mini abin hannun nan mai ruwan hoda na waɗanda aka killace, duk bene ya riƙa gudu na. Girman kai ne, ba na ɓoye muku.

Yaya Hauwa tana yi mini tapau, wato tana sayo mini abinci daga shagon mamak na unguwa, ina ture kwanon. Rana ta huɗu ina goge baki sai na ga jini yana bin haƙorana, ya ƙi tsayawa. Ta leƙo, ta gani, ba ta yi mini gardama ba. Sai kawai ta kira mota.

"Ko ki tashi da ƙafarki, ko in kira Mama yanzu a gabanki. Zaɓi ɗaya."

Na tashi.

Likita ta ce ba korona ba ce, ba kuma zazzaɓinmu na gida ba ne. Dengi ne, sauron rana ke kawo shi. Ta ce maganin ciwon jikin da nake sha shi ke ƙara tsinka mini jini. Wato da hannuna nake taya ciwon aiki.

Aka kwantar da ni, ba a barin kowa ya shigo. Kullum a ɗebi jinina, kullum fuskar likita ba daɗi. A lokacin ko mai rai da ƙyar yake samun jirgin gida, balle gawa. Na tuna Mama, gwauruwar da ta raka ni tasha tana cewa in je in dawo. In na mutu a nan, ko kabarina ba za ta gani ba. Na ji tsoro ƙwarai, na yi kuka. Sai kuma tsoron ya juye ya zama fushi.

Da azahar ce, ruwa na sauka a taga. Na ce, "Ya Yesu, na yi wauta, na yarda, ka gafarta mini. Amma ba zan mutu a gadon nan ba. Kai ka ba ni wuyan nan mai tauri. Yau na sunkuyar da shi gare ka kaɗai, mutuwa kuwa ba za ta ga ƙeyata ba."

Washegari jinin bakina ya tsaya. Kwana biyu bayan haka likita ta shigo, na ga murmushi a idonta ta saman takunkumi. Haleluya! Ku kuna yi mini addu'a ta waya, Yaya Hauwa tana yin tata a kan dardumarta, tana kawo kunu bakin ƙofa kullum ko da ba za ta gan ni ba.

Da na warke wasu suka ce in rabu da daji. Na ce a'a, ba a tashe ni don in zauna cikin tsoro ba. Da ƙarfina ya dawo na koma dutsen nan, na karɓi kwalbar Yaya Hauwa na fesa har tana cewa in rage mata.

A can ƙololuwa na kira Mama ta bidiyo, na gaya mata duk abin da na ɓoye. Ta ce in juya wayar ta gani.

"Wannan ne dutsen? Ai bai kai na bayan gidanmu ba."

Sai muryarta ta karye. "Ki gama ki dawo, mu hau namu tare."

Na gode wa Ubangiji da zan iya amsa mata da to. 'Yan'uwa, in jiki ya yi zafi ku je asibiti, in tsoro ya zo ku tsaya a kan Yesu, kada ku ja da baya. Ya riƙe mai taurin kai irina, zai riƙe ku. Amin.