Zobon Gidan Bulo

Akuyar Inna muka sayar, ni da kawunku Habu, muka yi kuɗin mota zuwa Zariya. Ku matso kusa. Kai Musa, ajiye wayar nan, tunda kai ne mai cewa bayan girbi za ka tafi birni neman aiki.

Ɗaki muka samu a Samaru, gidan wata Madam 'yar kudu wadda kowa "ki" take ce masa. Ranar farko sai da ta shinshina rigata. "Malam, kina shan wiwi?" Na ce, "Madam, ni ko taba ba na sha." Ta ce duk haka suke faɗi, har ɗaliban nan masu gilashi. Na ji haushi a lokacin. Daga baya ni ma na koma shinshinar mutane.

Aiki kuwa a Chikaji muka samu, gidan buga bulo. Manajan mai fara'a ne fiye da kima. Kullum da hantsi sai ya kawo jarkar zobo mai sanyi, kyauta. "Inaji" yake ce masa, wai ƙarfi ke nan da Turanci. Ni da farko na ɗauka sunan mai dafawar ne. Abin da ya fara tsaya mini a rai, shi bai taɓa kurɓa ba. Mutumin da ke zaftare maka lada in bulo ɗaya ya fashe, shi ne zai shayar da kai kyauta? Sai na riƙa karɓa ina tuttularwa bayan tulin yashi.

Habu kuwa shanyewa yake yi, ya nemi ƙari. Ya yini yana dakon siminti ba ya neman abinci, yana ta soshe-soshe. Ran Lahadi da babu aiki sai ya kwanta yana zufa, yana hamma, wai gaɓoɓinsa na ciwo. Can na lura yana zagayawa wani kemis a Sabon Gari. Na bi shi. Ƙwayar Tiramol yake saya, kuma rabin leburorinmu na tarar a bakin kantin.

Na tari Manaja. "Oga, me ake sa wa zobon nan?"

"Citta da kanumfari."

"To, sha mu gani."

Ya yi murmushi ya ce, "Gobe kada ka zo."

Na roƙi Habu mu bar wurin tare. Ya ce baƙin ciki nake masa don ya fi ni samu. Ba a daɗe ba aka zo aka kira ni, wai ya faɗi da buhu a ka, yana shure-shure, kumfa a baki. Da aka sallame mu daga asibiti, Madam ce ta kawo masa farfesu. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malam, ki kai ɗan'uwanki gida. Ni nawa ɗan ban kai shi da wuri ba."

Haka muka dawo, ina riƙe da shi a mota. Inna ta dube shi, ƙashi da fata, ta ce asiri aka yi masa a birni. Har ta rasu ban gyara mata zancen ba. Ya sha wuya kafin jikinsa ya daina nema, kuma kun dai san ba ya son a ambaci Zariya a gabansa.

Ban taɓa gani da idona abin da ake zubawa a jarkar nan ba, wannan gaskiya ce. Amma wani da ya dawo bara ya ce mini gidan bulon ya ƙara inji na biyu, kuma suna neman leburori.